Jirgin da ya Fasa Sauka



Duk wanda yake zaune a Kongo ya saba ganin ƙananan jirage suna shawagi a sararin Zariya. Na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964. Tun ina firamare nake ɗaga kai in kalle su, ina cewa ni ma wata rana zan tuƙa.

A hutun da ya wuce na raka kawuna Samaru a kan babur. Da muka zo daidai filin jirgin, sai na roƙe shi ya tsaya mu yi kallo. Wani ƙaramin jirgi ya yo ƙasa, saura kaɗan tayarsa ta taɓa kwalta, sai injin ya ƙara ƙara, ya koma sama. Na yi dariya na ce, "Kawu, wannan bai iya ba, tsoro ya ji."

Kawu bakanike ne mai son karanta labarin jirage. Ya ce, "Yaro, wannan shi ne ya iya." Ya bayyana mini cewa sauka tana cikin abubuwa mafi wuya ga mai koyo. Idan ya zo da gudu fiye da kima, titin zai ƙare bai tsaya ba. Idan ya dira da tayar gaba, jirgin zai riƙa tsalle. Iska ma takan bugo daga gefe ta karkatar da shi. Shi ya sa ake koya musu cewa in saukar ba ta daidaita ba, su ƙara wuta, su tashi, su sake zagayowa. Wanda ya nace sai ya sauka don kada a yi masa dariya, shi ne yake jefa kansa cikin haɗari.

Sannan ya ba ni labarin marigayi Danbaba Suntai, tsohon gwamnan Taraba, wanda a wannan kwalejin ya koyi tuƙi. Ranar 25 ga Oktoba, 2012, ya tuƙo jirgi ƙirar Cessna 208 daga Jalingo, ya faɗi kafin ya kai filin jirgin Yola. Hukumar binciken haɗarin jirage ta ce ba shi da shaidar ƙwarewa ta tuƙa irin wannan jirgin, kuma ya ci gaba da tafiya bayan faɗuwar rana alhali da ganin ido yake tuƙi. An kai shi jinya Jamus da Amurka, ya rasu a 2017. Allah ya jiƙansa.

Tun daga nan na yi tsit har muka dawo gida, domin akwai abin da nake ɓoyewa. Wata biyu kafin nan na ɗauki keken yayana ba da izini ba, bayan magariba. Keken ya fi ƙarfina, ƙafata ba ta kai ƙasa. Na goya ƙanina muka gangaro wani lungu. Na ga gudun ya yi yawa, kuma ina da damar tsayawa, amma abokaina suna kallo, sai na ƙi. Muka faɗa kwata. Ƙanina ya fashe a haɓa, sai da aka yi masa ɗinki huɗu. Da Baba ya tambaye ni, na ce birki ne ya ƙi ci. Yayana ya sha faɗa a kan bai gyara kekensa ba, alhali birkin lafiyarsa ƙalau.

A daren da muka dawo daga Samaru na je na durƙusa gaban Baba na faɗi gaskiya. An hana ni hawa keke har ƙarshen zango. Yayana ya yi kwana uku ba ya yi mini magana, daga baya ya haƙura. Tabon yana nan a haɓar ƙanina, kullum ina ganin sa idan muna cin abinci.

Har yanzu ina son zama matuƙin jirgi, in Allah ya yarda. Yanzu idan na ga jirgi ya fasa sauka ba na dariya. 'Yan uwana masu gudu da keke a hanyar makaranta, in kun ga abin ya fi ƙarfinku, ku taka birki ku sauka, ko da ana kallon ku.



Daga ɗalibin JSS 2, ɗan ƙungiyar 'yan jarida