Jirgin da Aka Saya Fam Ɗaya

Marigayi mahaifina ya yi shekaru yana zuba kwal a tukunyar wani ƙaramin jirgi mai jan manyan jirage a tashar Takoradi. Muna yara a Zango, in aka tambaye ni aikinsa sai in ce matuƙi ne, don ina jin kunyar baƙin da yake dawowa da shi gida. Allah ya yafe mini. Jirginsu kuwa tuni aka yanka shi aka sayar da ƙarfen.

A 2019 na kai wa 'yata ziyara a Libaful, ƙasar Ingila. Ita ce ta matsa sai na ga wani jirgi mai suna Daniel Adamson. Na bi ta ne don kada ta ji ba daɗi.

Jama'a, jirgin nan ya girmi mahaifina. An ƙera shi a Birkenhead a 1903, tsawonsa ƙafa 110, sunansa na farko Ralph Brocklebank. Yana jan kwale-kwalen kaya tsakanin Ellesmere Port da Libaful, yana kuma ɗaukar fasinja. A 1936 kamfanin mashigin ruwan Mancesta ya canza masa suna, ya ƙawata masa ɗakin manyan baƙi. Da aikinsa ya ƙare a 1984 sai aka ɗaure shi, tsatsa da mabarnata suka yi ta cinsa. A 2004 saura kaɗan a yanka shi, wani matuƙin jirgin ja, Dan Cross, ya tara abokai suka saye shi fam ɗaya tak. Sayen ne mai araha: sai da asusun adana kayan tarihi ya ba da fam miliyan 3.8 a 2015 kafin ya koma aiki a 2016.

Baƙi duk ɗakin alfarmar suka nufa. Ni roƙo na yi aka bar ni na leƙa ƙasa, wurin wuta.

Zafin ya mare ni tun daga matakala. Wani dattijo ɗan sa kai, furfura fat, yana watsa kwal da shebur. Ya ce ba jibgawa ake yi ba. Shimfiɗawa ake yi sirara, in ba haka ba wutar ta shaƙe, tururi ya faɗi, jirgi ya rasa ƙarfi daidai lokacin da yake riƙe da wanda ya ninka shi girma. Ashe abin da Baba ya sani ke nan, ban taɓa tambayarsa ba ko sau ɗaya.

A ganina ƙarfen bai kai wannan sanin wuyar adanawa ba, domin kusan duk waɗanda na gani a wurin tsofaffi ne.

Da na faɗa masa aikin mahaifina, sai ya miƙo mini shebur. Na watsa sau biyu, rabi ya zube a ƙasa. Na fito da baƙi a hannun rigata, 'yata ta zaro hankici za ta goge, na ce ta bari sai mun isa gida.