Tarin da ya kai mu ɗakin zuciya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa, a Kwatano. Mu 'yan kasuwa mun san halinmu: in dai ciwo bai kayar da mutum ba, ba a rufe shago saboda shi. Wannan halin ne ya kusa raba ni da autana, yana ɗan shekara huɗu.

Da tari ya fara, sai zazzaɓi da numfashi sama-sama. Muka ce sanyi ne. Na aika yaron shago ya sayo maganin ƙwayoyin cuta a gefen titi, aka ba shi kwana uku. Jiki ya ɗan yi sanyi, muka ajiye sauran.

Bayan mako guda, cikin dare, uwarsa ta tashe ni. "Alhaji, tashi ka ga yaron nan. Ya ƙi kwanciya." Yana zaune, ya sunkuyo gaba, yana nishi. In an kwantar da shi sai ya fasa kuka. Jijiyoyin wuyansa sun fito ruɗu-ruɗu, tafin hannunsa kamar ƙanƙara.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga nimoniya a huhun hagu, inuwar zuciya kuma ta yi girma. Sai aka ɗora masa na'urar da ake kira eko. Likita ya zana mini a takarda. Ya ce zuciya tana cikin wata 'yar jaka mai tantani biyu. Ƙwayar cutar da ta kama huhu ta tsallaka cikin jakar, mugunya ta taru, ta matse zuciyar har ta kasa cika da jini. Ya ce abu ne da ba a cika gani ba, amma in aka yi jinkiri yana kisa.

A daren suka soka allura ta ƙasan ƙashin ƙirji, suna kallo a na'ura, suka bar siririyar roba. Na ga abin da ya fito, kamar kunu. Kafin asuba yaro ya kwanta ya yi barci. Uwarsa ta zauna a ƙasa tana ta hamdala.

Mako huɗu ana yi masa allurar magani ta jijiya. Na karya farashin kaya na sayar, 'yan'uwa a Zango suka yi mini karo-karo, Allah Ya saka musu. Har yau muna komawa a duba shi, don likita ya ce jakar takan yi kauri daga baya ta ɗaure zuciya, har sai an yi aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne katin riga-kafi. Da aka tambaya, sai muka ga allura ɗaya aka yi masa ta nimoniya cikin uku, waɗanda ake yi a mako 6, 10 da 14. Ta farko a Kano, sai tafiya ta kama mu, kati ya shige ƙasan akwati.

'Yan'uwana matafiya, ku riƙe katin yaro kamar yadda kuke riƙe takardun iyaka. In yaro yana tari da saurin numfashi, asibiti za ku nufa, ba teburin mai magani ba. In an rubuta magani, a sha shi har ƙarshe. In kuma ya ƙi kwanciya, kada ku jira gari ya waye.

Jiya ya biyo ni shago, yana ta tsalle a kan dilar atamfa. Ban hana shi ba.