Tafiya Bakin Teku Cikin Gida Mai Ƙafafu

A ƙasashen Turai akwai wata irin mota wadda a ke shirya cikinta kamar ɗaki. Akwai gado wanda a ke naɗewa da rana ya zama kujera, da ɗan tebur, da murhun gas, da tankin ruwa, da akwatunan ajiye tufafi da kwanoni. Mai irin wannan mota ba ya neman masauki. Inda dare ya yi masa, nan ne gida. Tun cikin 1950, sa'ad da ma'aikatar Volkswagen ta Jamus ta soma ƙera wata mota mai siffar akwati, mutane suka ga ta dace da wannan aiki, har ya zama al'ada.

Wani dattijo da matarsa, mazauna Birmingham a tsakiyar Ingila, suna da irinta guda, tsohuwa. Shi dā direban jirgin ƙasa ne, ita kuwa malamar makaranta ce. Duk sun bar aiki, suna cin fansho. Wata shekara, cikin watan Oktoba, suka yi shirin zuwa gaɓar teku ta gabas, wajen lardunan Norfolk da Suffolk.

'Ya'yansu ba su so ba. Suka ce ai lokacin yawo ya wuce, su bari sai ɗumi ya komo. Suna da gaskiyarsu. Kakar Ingila, watau Satumba da Oktoba da Nuwamba, lokaci ne da ganyen itatuwa ke yin ja da rawaya ya kaɗe, iska ta yi sanyi, yini ya gajarta. In Oktoba ta ƙare, kafin ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi. Amma matar ta ce ba za ta jira ba, gama wasiƙa ta zo mata daga wata tsohuwar maƙwabciya, cewa teku ta kusa cinye gidan da aka haife ta. In ta bari hunturu ya wuce, wataƙila ba ta tarar da kome ba. Mijin kuma yana da tasa bukata, yana so ya ga garin da kakarsa ta yi aikin kifi tana budurwa.

Suka tashi da sassafe, suka isa Hunstanton da la'asar. Garin yana gabashin ƙasa, amma yamma ya ke fuskanta, saboda haka suka sha shayi suna kallon rana tana nutsewa cikin ruwa. Da magariba garken dinya ya wuce bisa kansu, dubbai, suna ta kuka. Daga tsibirin Iceland su ke zuwa kowace kaka, su yi hunturu a nan.

Kashegari suka bi hanyar bakin teku zuwa Cromer, garin da ya yi suna wajen ƙaguwa. Gidajen baƙi da yawa a rufe, rairayin bakin ruwa ba kowa sai masu yawo da karnuka. Suka sayi ƙaguwa biyu dafaffu, suka ci da burodi cikin mota. A nan aka yi wani masunci, Henry Blogg, wanda ya shekara 53 yana aiki cikin jirgin ceto. Shi da abokan aikinsa sun tsamo mutum 873 daga teku. Ya rasu cikin 1954, har yanzu mutanen garin ba su mance da shi ba.

Rana ta uku suka doshi ƙauyen matar. Happisburgh a ke rubuta sunansa, amma Hezbara a ke faɗi, baƙo kuwa da ya karanta shi yadda aka rubuta sai a yi masa dariya. Tun daga nesa suka hangi hasumiyar fitilar jirage, mai zanen ja da fari, wadda aka gina cikin 1790. Matar ta yi shiru, ta bar zance.

To, ƙaƙa teku ke cin gari? Ku tuna da yadda kwari ke zaizayar gona da damina. Ƙauyen yana bisa wata gaɓa mai tsawo kamar ganuwa, gaɓar kuwa ba dutse ba ce, yumɓu ne da yashi. Ruwan sama ya kan jiƙa ta daga bisa, ta yi nauyi, ta yi laushi. Igiyar ruwa kuma ta kan ƙwaƙule gindinta daga ƙasa. Ran nan sai wani yanki ya ɓalle ya faɗa, ruwa ya kwashe ƙasar ya yi kudu da ita. Ba kullum ta ke ci ba. Ta kan yi watanni ba ta taɓa kome ba, sa'an nan cikin dare guda ta haɗiye rabin lambun mutum.

Matar tana ƙarama aka yi babbar ambaliya ta daren 31 ga Janairu, 1953. Iska mai ƙarfi ta turo ruwan Tekun Arewa ya haye gaɓa, mutum 307 suka halaka a Ingila, 1,836 a Holan. Bayan wannan aka himmantu ga tsare bakin teku. Cikin 1959 aka kafa wa ƙauyensu shinge na manyan katakai don ya karya ƙarfin igiya. Ta tuna da ma'aikatan, da ƙarar gudumarsu, da yadda ubanta ya ce yanzu kam an huta. Shingen ya yi aikinsa shekara talatin. Daga 1990 hadari ya yi ta kakkarya shi, ba a kuwa sāke shi ba, gama an lissafta an ga kuɗin gyara ya fi kuɗin gidajen. Wannan lissafi daidai ne a takarda, amma da wuya ya shiga kunnen wanda gidansa ke ciki. Tun daga sa'an nan gidaje fiye da talatin sun tafi.

Suka ajiye mota a wani fili kusa da gaɓa, suka taka. Hanyar da ta bi zuwa makaranta tana yarinya ta yanke a sarari, kwalta ta ƙare, sai iska da ruwa can ƙasa. Bututun famfo na gidajen da suka faɗa suna nan sun leƙo daga jikin gaɓa. Kusa da su akwai 'yan ramuka da yawa, sheƙar wata irin tsattsewa ce. Tsuntsayen sun riga sun tashi, sun ƙetare hamada zuwa Afirka ta Yamma, inda su ke yin hunturu.

Gidan yana nan, ba kowa ciki, an toshe tagogi da katako. Dā in ta fito ƙofar baya sai ta ratsa lambu, ta ƙetare hanya, ta wuce wani jerin gidaje da gonar alkama kāna ta kai gaɓa. Yanzu ta tsaya a dokin ƙofa, ta taka tana ƙirgawa. Taki goma sha huɗu. Mijin ya riƙe mata hannu, ya ce, "Ya isa, kada ki ƙara ko ɗaya."

Itacen tuffa da uwarta ta dasa yana tsakanin gida da gaɓa, ya yi 'ya'ya, ba mai tsinka. Ta cika hularta.

Da dare iska ta taso daga arewa. Mota ta yi ta girgiza, kwanoni suna ƙara, igiya tana dukan gaɓa har suna jin motsin ƙasa a gadonsu. Wajen ƙarfe biyu dattijo ya tashi, ya ta da mota, ya koma da ita can cikin ƙauye bayan hasumiya. Da suka sāke kwanciya matar ta ce, "Mu mun ja da baya. Shi fa, da wace ƙafa?" Bai amsa ba, ya ƙara mata bargo.

Gari ya waye, iska ta kwanta. Suka komo, ta sāke ƙirgawa. Goma sha ɗaya. Saiwar itacen tuffa ta gefe guda tana reto a iska. Ta ɗan tsaya, sa'an nan ta ce su tafi.

Daga nan suka gangara kudu zuwa Great Yarmouth, inda bukatar mijin ta ke. Dā kowace kaka wani kifi mai kama da sadin, wanda a ke kira herin, ya kan taru a wannan yanki ba iyaka. Cikin 1913 jiragen su fiye da dubu suka yi aiki daga wannan tasha. Mata dubbai su kan biyo jiragen daga Sikotlan, kakarsa tana cikinsu. Uku uku su ke aiki, biyu suna fede kifi, ɗaya tana jerawa cikin ganga da gishiri, a aika Jamus da Rasha. A fili su ke tsayawa cikin sanyi tun safe har dare, sun ɗaure yatsu da tsumma saboda wuƙa da gishiri. Mai hannu ta kan gyara kifi fiye da arba'in cikin minti guda. Aka yi ta kamu ba a bar na haihuwa ba, har kifin ya ƙaranta. Kafin 1970 sana'ar ta mutu a garin, cikin 1977 kuwa aka hana kama shi a Tekun Arewa na 'yan shekaru don ya farfaɗo.

Wani tsohon gidan bandar kifi an mai da shi gidan kayan tarihi cikin 2004, har yanzu bangonsa na ƙamshin hayaƙi. Dattijo ya daɗe gaban hotunan matan yana duba fuskoki ɗaya ɗaya. Bai ga tata ba. Amma ya ga irin wuƙar, gajera, ya gane ta, gama da irinta kakarsa ta ke fere dankali har ta tsufa.

Zangon ƙarshe Dunwich ne. Shekara ɗari bakwai da suka wuce babbar tashar jirage ce mai majami'u da yawa. Hadarin 1286 da na 1328 suka toshe tashar, teku ta bi sauran garin a hankali. Majami'a ta ƙarshe ta dā ta zube tsakanin 1904 da 1919. Yau mazauna wurin ba su kai ɗari biyu ba. Suka zaga, suka sayi kati mai hoto suka aika wa jikoki.

A daren nan matar ta yanka tuffa biyu suka ci. Ta tsince ƙwayoyin, ta naɗe su cikin takarda, ta sa a gwangwanin shayi. Da safe suka cika tanki, suka juya yamma.