Abuja: Birnin Da Aka Zana Wa Dogo Tun Ba A Gina Shi Ba

Duk wanda ya taso daga Kaduna cikin jirgin ƙasa nufinsa Abuja, to a tashar Idu zai sauka, bayan tafiyar kilomita 186 daga Rigasa. Tasha ce mai faɗi, ga tsabta, amma da matafiyi ya fito bakin ƙofa zai lura ba gari kusa, sai masana'antu da fili. Birnin da ya zo dominsa yana can gaba, sai ya sake neman abin hawa. Wannan 'yar tazara kuwa tana da dogon tarihi.

A ran 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙaura da babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa tsakiyar Nijeriya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Cikin dalilan da aka kawo har da cunkoson Ikko, inda ma'aikaci kan kwashe rabin safiyarsa cikin mota bai kai ofis ba. Saboda haka da aka ba wani kamfanin Amurka aikin zana taswirar sabon birni, wadda ya miƙa a 1979, sai aka sa maganar sufuri a gaba. An zana birnin kamar jinjirin wata, da Dutsen Aso a ƙirjinsa, da fukafukai biyu, ɗaya arewa ɗaya kudu. Tsakiyar kowane reshe aka bar wani dogon fili, ba gida ba kanti, musamman don manyan motocin haya da farko, daga baya kuma jirgin ƙasa, in jama'a ta ƙaru. Lissafin masu zanen shi ne birnin zai tsaya a kan mutum kamar miliyan 3.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Titi ɗaya, komai kyaunsa, ba ya ɗaukar fiye da 'yan dubban mutane cikin sa'a guda in kowa yana cikin ƙaramar mota. Layin dogo ɗaya kuwa yana iya kwashe ninkin wannan sau da yawa, muddin jiragen suna bin juna a kai a kai. Kuma fili in an riga an gina shi, sai da rusau da diyya kafin a sake samunsa. Da sanyin safiya ake kama fara.

To, amma aikin bai tafi bisa yadda aka zana ba. Da aka ƙaura ran 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida, tituna sun samu, manya-manya, masu ban sha'awa, dogo kuwa ko ƙusa ba a kafa ba. Gidajen Maitama da Asokoro da Wuse suka fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai ya nausa Nyanya da Karu da Kubwa, wani har Mararaba ta Jihar Nasarawa, wani Suleja ta Jihar Neja. Aka wayi gari ofisoshi na wuri ɗaya, masu aiki cikinsu na kwana a wani.

Sai a 2007 aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar jirgin cikin gari. Shugaba Buhari ya buɗe shi a Yulin 2018, layi mai tsawon kilomita kamar 45 da tashoshi 12. Reshe ɗaya ya taso daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ɗayan kuma daga Idu ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei zuwa Gbazango a Kubwa. Annobar korona ta tsai da shi a 2020, ya yi shekaru huɗu a ajiye, har Shugaba Tinubu ya sake ƙaddamar da shi a Mayun 2024, bayan an gyara shi an kuma yi wa tashoshin hanyoyin mota.

Wanda ya shiga wannan jirgi zai ji daɗin tafiya. Taragu da sanyi, ta taga kuma ga duwatsu da gonakin Gbagyi, mutanen da aka tarar a ƙasar. Amma in mai karatu yana son sanin inda gizo ke saƙa, ya je hanyar Keffi da sassafe, tsakanin Mararaba da Nyanya zuwa shataletalen AYA. Nan zai ga motoci jere ba iyaka, ga mutane tsaitsaye bakin titi suna ɗaga hannu, malamin makaranta da masinja da mai jego, kowa na kallon agogo. Nan ne jama'a ta fi yawa, nan ne kuma dogo bai je ba.

Darasin a fili yake ga duk gwamnan da ke shirin kafa sabon gari ko sabuwar unguwa. Da farko a san inda talaka zai kwana, don daga can tafiya ke farawa. Na biyu, a tsare filin dogo kada a yanka shi fuloti. Na uku, tasha ba ta da amfani in ba motar da za ta kawo mutum bakinta daga ƙofar gidansa. Na huɗu, a tanadi kuɗin gyara da na ma'aikata tun ran da aka sa hannu kan kwangila.

Ikko da aka guje wa ta buɗe nata jiragen cikin gari a 2023 da 2024, shekara kusan 40 bayan an soke shirin Gwamna Jakande a 1985. Abuja tana da abin da Ikko ta rasa, wato taswira tun daga tushe. Saura a kai dogon Nyanya da Mararaba tun filin bai ƙare ba. Allah ya sa masu iko su ji.