Inda ruwan teku ya shiga daji

Da yawa cikinmu mun san sunan Kawlak, garin Shehu Ibrahim Inyas a Senegal, don ƴan uwa suna zuwa ziyara can. Abin da ba a cika ba mu labarinsa ba shi ne kogin da ya bi ta gefen garin. Sunansa Salum. Kafin ya kai teku sai ya rarrabu ƙananan hanyoyin ruwa barkatai, waɗanda mutanen wurin suke kira bolon. Da munka gama ziyara, ni da wasu mata biyu munka haɗa kuɗin mota munka nufi Tubakuta, kudu da Kawlak kan hanyar Gambiya, mu gani da idonmu.

Ni da ban san ruwan da ya wuce tabkin Madarunfa ba, da salati na shiga kwalekwale. Ashe ruwan kwance yake luf, don tsibirai sun tare ƙarfin teku. Dama da hagu wani itace ne da suke kira mangrob, tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar mutum ya tattare zane zai ƙetare gulbi. Sau biyu tsakanin dare da rana ruwan yake cika ya janye, kuma shi ke yanka wa kowa lokacin fita da na komawa. Mai kwalekwale ya kai mu wani tsibiri, Jorom Bumag, wanda tulin ɓawo ne da mutanen da sunka tara shekaru aru-aru, har manyan kukoki sun tsiro a kai. Irin wannan tuli an ƙidaya 218 a yankin. Gwamnati ta mai da wani sashe gandun ƙasa a 1976, UNESCO kuma ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 2011. Da magariba tsuntsaye sunka yi ta sauka bisa itatuwa har ganye ya koma fari.

To, ƴan uwana, ga abin da ya tsaya mini a rai. Da ruwa ya janye, mun iske mata cikin taɓo har gwiwa, kowace da wuƙa da bokiti, suna ɓamɓaro kawa daga saiwoyin. Kawa wani naman ruwa ne mai ɓawo biyu, ɗan uwan makankari. Sai sun dafa, su buɗe ɗaya bayan ɗaya, su shanya, kana a samu abin kai wa kasuwa. Na duba hannun wata dattijuwa, duk tsaga ne.

Abokiyar tafiyarmu mai jin faransanci ta yi mana tafinta. Dattijuwar ta ce a da har saiwar suke sarowa don sauri, itacen ya yi ta mutuwa, kawa ta yi ta raguwa. Yanzu ƙungiyarsu ta hana. Suna shirya tsohon ɓawo a igiya su rataya cikin ruwa, ƙananan kawa su maƙale su girma a nan. Suna dasa sabon mangrob. Da damina kuma a rufe wurin, ba mai taɓawa sai an buɗe, wadda ta karya doka a ci ta tara. Na ce wallahi wannan akwatin asusunmu ne mai kwaɗo uku, sai dai nasu cikin ruwa yake. Ya kuma tuna mini da sassaben zamani, yadda muke barin tohon gawo da kalgo a gona.

Amma ku duba rabon. Baƙi, anasara da ƴan Dakar, suna biyan masauki, su biya mai kwalekwale, don su kalli wannan dajin da matan nan suke tsaro. Kwalekwale na maza ne. Shi matuƙin yakan ɗan rage gudu a ɗauki matan hoto, ya wuce. Ban ga dala ta shiga hannunsu ba. Wannan bai yi mini ba, kuma na faɗa wa namu matuƙin. Ya yi dariya, amma ya tsaya. Mun sayi busasshiyar kawa da zumar mangrob kai tsaye daga gare su, ba mu nemi ragi ba.

Duk wadda Allah ya nufa da zuwa Kawlak, ta ware kwana ɗaya don Tubakuta. Ku haɗa kuɗin kwalekwale ku da yawa, ku gama ciniki tun a bakin gaɓa, ku nemi rigar ceto, ku riƙe ruwan sha, don duk yawan ruwan nan ba ya shawuwa. Ku kuma tambayi lokacin da ruwa zai janye kafin ku tashi, don a lokacin ne kawai za ku iske matan a bakin aiki.