Idan Za Ka Raka Mahaifiyarka Umra

Jikana, tun da labari ya bazu a Guri cewa kai za ka raka mahaifiyarka Umra bayan girbin shinkafa, kowa ya zama malaminka. Wani ya ce lallai ka hau Jabalun Nur, wani ya ce kada ka dawo ba ka ɗauki hoto a gindin dogon agogon Makka ba. Ga tawa ta tsoho. Ibada dai malamanka sun koya maka, ba zan shiga gonarsu ba. Maganata a kan ziyara ce da buɗe ido.

Ka sani tun daga Haɗeja, ƙafar mahaifiyarka ce za ta auna tafiyar. Jabalun Nur ɗin, dutsen da Kogon Hira yake kansa, ya haura mita 600, saurayi ma sai ya yi awa guda ko fiye yana hawa, kuma hawansa ba ya cikin ayyukan Umra. Na sha ganin samari sun ajiye iyaye mata a gindin dutsen cikin rana, sun haye da waya a hannu. Idan ranka ya biya, ka bari sai ranar da take hutawa a masauki, ka nemi izininta, ka tafi da sassafe tare da 'yan ayarinku. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, yawanci saboda zafi. Ku da sanyi za ku je, amma ranar Makka ba ta san hunturu ba.

A Madina za a zuba ku a motar ziyara: Masallacin Ƙuba, Ƙiblataini, Uhudu, duk kafin azahar, sannan direba ya sauke ku a shagon dabino, inda za ku fi daɗewa. Ban hana ka shiga motar ba. Sai dai ka zaɓi wuri ɗaya ko biyu ka koma daga baya a natse. Ni da za a tambaye ni, Uhudu zan ce. Kafin ka je ka sake karanta tarihin yaƙin Uhudu, na shekara ta 3 bayan Hijira. Ka yi sallama ga Sayyidina Hamza da sauran shahidai kimanin 70, sannan ka hau ɗan tudun da aka ajiye maharba 50, ka dubi ta inda dawakin Khalid ɗan Walidu suka zagayo bayan yawancin maharban sun sauka. Abin da ka haddace a Islamiyya za ka gan shi shimfiɗe a ƙasa, da tazararsa da kwanarsa. Wanda bai karanta ba, jan dutse kawai zai gani da masu tallan tasbaha.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne ruwa, domin kai ɗan fadama ne. Mu nan ruwa ne arzikinmu, shi ne kuma kukanmu. Ka ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gonakinmu. Ka ga yadda kacalla ta toshe magudanai tun da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 suka sauya wa Kogin Haɗeja hali. To za ka je ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, amma miliyoyin baƙi suna samun ruwan alwala. Yawancin ruwan da za ka buɗe a masauki daga Bahar Maliya yake, ana cire masa gishiri a Shu'aiba a turo shi Makka ta bututu. Tun kafin wannan, fiye da shekara 1,200 da suka wuce, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka gina hanyar ruwa daga kwaruruwan da ke wajen gari zuwa Arfa, har yanzu ana ganin ragowar gininta. Ka ce wa mai yi muku jagora ya nuna maka. Idan kuma aka kai ku gonar dabino a Madina, bar su su yi ta ciniki, kai ka tsuguna ka ga yadda ake kai ruwa gindin kowace bishiya. Ka tuna da noman raninmu, inda injin ban ruwa ke wuni yana kwarara a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi.

In da hali ku hau jirgin ƙasan Haramaini, wanda aka buɗe a 2018. Kilomita 450 ne tsakanin Makka da Madina, yana cinye su cikin awa biyu da 'yan kai. Ka zauna ta taga. A da kakanninmu ta Barno suke bi, su ratsa Cadi da Darfur har Sawakin, su tsallaka teku a jirgin ruwa, ana shekaru a hanya ana ƙodago a gonakin mutane. Da yawa ba su dawo ba. Garin Mai Wurno a Sudan mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Saboda haka idan ka ji Hausa a Sharar Mansur ta Makka daga bakin wanda bai taɓa ganin Kano ba, ka gaishe shi da ladabi, ka saurari labarinsa.

Sauran gajeru ne, amma kada ka raina su. Ko tsinke kada ka karɓa na wani a filin jirgi, ka kuma ƙirga jakunkunan da aka manna wa sunanku da idonka. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba da ta je Umra da mahaifiyarta saboda ƙwayoyin da wasu suka sa a jaka suka liƙa sunanta, sai Afrilun 2019 aka sake ta. Goro ma a bar shi gida. Katin masauki ya kasance a aljihunka da jakar mahaifiyarka. A Haramin Makka ku tsayar da ƙofa ɗaya ta haɗuwa ku haddace lambarta: Ƙofar Sarki Abdul'aziz lamba 1 ce, ta Sarki Fahad 79. A Masallacin Annabi na Madina kuwa, shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, lokacin mata daban ne, wannan aikinka ne ka nema mata da wuri. Kada ka ɗauki hoton askarawa ko matan mutane.

Tsarabata kuwa, tasbaha da hula ina da su har sun yi yawa. Ka sayi ɗan littafi a Haɗeja, kowane dare ka rubuta abin da ka gani da abin da ka tambaya aka gaya maka. Idan Allah ya dawo da ku lafiya, ka zo ka karanta mini, ka fara da shafin gonar dabino.