Dara Ta Ci Gida: Ni Da Wasan Ches A Bakin Kanal

Yau dai kaina zan tona wa asiri. Ni manomin rani ne, ɗan manomin rani, a filayen nan da ke shan ruwan madatsar Tiga tsakanin Kura da Bunkure. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya daga Kano da hunturu ya san wurin. Ko'ina ƙasa ta bushe ta yi fari fat, amma da ka doshi Kadawa sai ka ga kore shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa. A nan na tashi, a nan kuma wasan ches ya kama ni har ya kusa zubar mini da mutunci.

Abin ya samo asali ne a watan Afrilu na 2024, lokacin da na ga hoton wani ɗan Nijeriya, Tunde Onakoya, yana zaune a dandalin Times Square na birnin New York a Amurka, inda ya yi awa 60 yana buga ches don tara kuɗin karatun yara marasa galihu. Na ce wane irin wasa ne wannan da zai hana mutum barci kwana biyu da rabi? A daren na buɗe Lichess a wayata, tunda kyauta ne.

Ga wanda bai san shi ba, allo ne mai gida 64, kowa da 'ya'ya 16: sarki da sarauniya, dawaki biyu, giwaye biyu, hasumiya biyu, sai dakaru takwas a gaba. Kowanne da irin tafiyarsa, kuma wanda aka ritsa sarkinsa ya rasa mafita shi aka ci. Ba ma baƙo ba ne a ƙasar nan kamar yadda na zata, don a Borno an daɗe ana buga wani irinsa da ake kira tsatsarandi.

Da ka shiga za a ba ka maki 1500 na gwaji. In ka ci su ƙaru, in an ci ka su ragu. Lissafin kuwa ba ya jin kunyar kowa, domin wanda ya fi ka da maki 200 ana sa ran zai kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na wasanninku. Ni kam cikin mako biyu na gangaro ƙasa da 900, na kuma yi zamana a can kamar an dasa ni.

To, sai na nemi magani irin na mai gaggawa. Na ce yawan bugawa shi ne iyawa, na koma wasan minti uku, in buga ashirin ko talatin a dare ɗaya. Na kuma haddace wani tarko a YouTube, wanda ake fito da sarauniya da giwa a kashe sarki cikin tafiya huɗu. Idan na samu sabon shiga sai in kama shi in yi ta murna. Idan na haɗu da wanda ya san dawan garin, sai ya yi ta korar sarauniyata lungu-lungu yana fito da mayaƙansa, kafin in farga an gama da ni. Wata takwas ina wannan hali. Data tana ƙarewa, ido yana ja, maki suna nan inda suke.

Ranar da ba zan manta ba tana cikin Disambar 2024, watan da yaron nan na Indiya, Gukesh, ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Babana ya tura ni ban ruwan albasa da daddare, don a lokacin ne ruwa ya fi isowa ɓangarenmu. Na saki ruwa a kwamin farko, na zauna a bakin kanal na ƙudundune cikin bargo, na ce bari in buga ɗaya kafin ya cika. Aka ci ni. Na ce sai na rama. Aka sake ci na. Mai karatu, wallahi ban ɗago kai ba sai da cajin waya ya mutu. Ina haska tocila na ga ruwa ya fasa kunya ya malale gonar maƙwabcinmu, ya kwantar da tumatirin da ya dasa kwana uku da suka wuce. Dara ta ci gida.

Maƙwabcin nan abokin Babana ne tun suna samari, Baffa muke ce masa. Da gari ya waye Babana ya tsaya a kan kunya ya dubi ɓarnar, ya dube ni, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Shekara talatin muna iyaka da shi, ruwana bai taɓa shiga gonarsa ba sai yau.” Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Aka yanke cewa ni zan sayo iri da kuɗina, ni kuma zan sake dashen da hannuna.

Kwana biyu ina duƙe ina dashe, Baffa yana zaune yana kallona. Shi kuwa Baffa gwanin dara ne, irin tamu ta gurbi 30 da ake haƙawa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, in ka jera uku ka cire ɗan abokin wasa. A gindin tsamiyar unguwarmu ba a cika tayar da shi ba. Da muka zauna shan inuwa a rana ta biyu sai ya ce, “Kai yaro, nuna mini abin da ya cinye mini tumatir.”

Na buɗe masa wasan ƙarshe da aka ci ni a daren, ina matsar da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ina yi masa bayani. Bai san tafiyar ko ɗaya ba. Amma da muka zo inda abokin wasana ya matso da dokinsa sai ya dafa hannuna.

“Tsaya. Shi wannan da ya kawo dokinsa nan, me yake nema?”

Na ce, “Wallahi Baffa ban duba ba, ni hari nake shiryawa a can gefen.”

Ya ce, “Ashe kai kaɗai kake wasanka. Mu a dara, kafin ka taɓa ɗanka sai ka tambayi kanka abin da nasa ya zo yi.”

Na duba da kyau, sai ga shi dokin nan tsalle ɗaya ya rage masa ya haɗa sarkina da sarauniyata a hari guda. A fili abin yake, makaho ma ya shafa ya ji.

Daga nan ya tashe ni muka bi kunyar da ta fashe taku-taku, har muka iske inda ruwan ya fara ɓallewa. Ramin ɓera ne, bai fi a zura yatsu uku ba. Ya ce in toshe shi tukuna kafin in gyara sauran, in ba haka ba gobe ma nan zai bi.

Abin da na ɗauka ke nan na kai kan allo. Na farko, na bar wasan minti uku, na koma na minti 15, biyu kacal a rana, a gida bayan isha'i. Waya ba ta ƙara bi na gona da dare ba. Na biyu, na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk wasan da aka ci ni sai na koma na bi shi da kaina, na nemo ramin ɓeran, wato tafiyar da abin ya fara lalacewa, na rubuta, sannan in tambayi kwamfuta ko na yi daidai. Da na tara wasa talatin na karanta sai kunya ta kama ni. Mafi yawansu ba wata dabara aka yi mini ba, ni ne nake ajiye doki ko giwa inda za a ɗauka a banza. Ga shi kuwa a lissafin masu wasan doki ɗaya daidai yake da dakaru uku, hasumiya biyar, sarauniya tara. Wanda yake kyauta da irin wannan dukiya, haddar buɗe wasa ba za ta cece shi ba.

Na uku, kafin kowace tafiya sai na yi tambayar Baffa: me yake nema? Zai iya kai wa sarkina hari? Akwai abin da zai ɗauka? Na huɗu, kullum ina warware ƴan matsalolin allo guda goma, na kuma koyi ƙarshen wasa, yadda ake ritsa sarki da hasumiya ɗaya, da yadda sarki ke raka dakarensa har ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya. Da can sau nawa ina kan gaba amma in kasa ƙarasawa!

Ci gaban bai zo da gudu ba. Wata na farko ma sai da na ƙara sauka, don ina tsayawa tunani har lokaci ya cinye ni. Amma kafin shekara ta zagayo na haura 1300. Na san wannan ba komai ba ne a wurin manya, tunda Magnus Carlsen ya taɓa kaiwa 2882 a 2014, a ma'aunin hukumar duniya ma wanda ya fi namu tsauri. Sai dai yanzu idan an ci ni nakan san dalili, kuma ina kwana da wuri.

Tumatirin Baffa ya yi kyau a shekarar, ni na taya shi kai kwandunan farko kasuwar Kwanar Gafan. Babana ya mayar mini da ban ruwan dare, kodayake har yau yakan laluba aljihuna da wasa kafin in fita. Na zana allo a bayan kwali, na yi 'ya'ya da murafan kwalba, ina koya wa ƙannena. Na yi na yi Baffa ya koya, ya ce shi ba zai buga wasan da sarki ke ɓuya a lungu ana yaƙi dominsa ba. A dara kuwa har gobe bai bar ni na ci shi ko sau ɗaya ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.